Gaɓar da Ba a Ambata

Karatu: 1 Korintiyawa 12:12-27

Mu mutane ne masu kunya, ban kuwa ga laifin hakan ba. Akwai sassan jiki da ba a kiran sunansu a gaban manya, balle a cikin ɗakin sujada. In buƙata ta kama mutum sai ya ce zai zaga, ko zai kewaya, kowa ya gane, ba wanda ya ji nauyi. Da wannan tarbiyya muka tashi, da ita kuma muke karanta Littafi Mai Tsarki. Ina tsammani shi ya sa idan aka zo sura ta 12 ta wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, masu wa'azi kan daɗe a kan ido da kunne da hannu da ƙafa, su kwatanta wane da ido, wance da hannu, amma da sun iso aya ta 22 zuwa ta 24 sai su ɗaga ƙafa su wuce. A nan ne manzon ya juya ga gaɓoɓin da ake rufewa, waɗanda ake yi wa kallon marasa daraja, ya nuna cewa jiki ba ya rayuwa sai da su, Allah da kansa kuma ya ƙara musu girma.

Ɗana na uku ne ya buɗe mini waɗannan ayoyi tun bai cika kwana uku a duniya ba. Ba zan faɗi sunansa ko na ƙauyenmu ba, gama yanzu ɗan makaranta ne, asirin jikinsa kuwa nasa ne. Da yardar mahaifiyarsa nake rubuta abin da ya biyo baya, kuma zan kira abubuwa da sunansu. Mai karatu ya gafarce ni.

An haife shi da daren Talata, farkon damina, a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Malumfashi. Ya yi kuka, ya kama nono, da safe aka sallame mu. Wadda ta karɓi haihuwar ita kaɗai ce a bakin aiki a daren, ga wasu mata biyu suna naƙuda. Da la'asar ranar Laraba wata tsohuwa ta zo yi masa wanka. Duk ikkilisiyarmu Kaka muke ce mata. Gwauruwa ce, ba ta iya karatu ba, ita ce ke share ɗakin sujada ran Asabar, ran Lahadi kuma takan zauna a benci na ƙarshe kusa da ƙofa saboda tari. Kusan duk yaran da aka haifa a unguwarmu sun bi ta hannunta. Ta ɗora shi a cinya, ta juya shi rubda ciki, sai ta yi shiru. Ta tambayi maiɗakina ko ya yi baƙin kashin nan na fari. Aka ce bai yi ba. Ta aika a kira ni daga zaure.

"Malam," in ji ta, "yaron nan ba shi da mafita. Ka nemo mota."

Inda dubura ya kamata ta kasance a shafe yake sumul, sai ɗan lotsawa kawai. Cikinsa ya riga ya fara tashi yana sheƙi. Kafin in dawo gida ya cika, shawara ta yi yawa. Wani dattijo cikin dangi ya ce a kira wanzami ya ɗan tsaga wurin, ai fata ce kaɗai ta rufe. Kaka, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta rungume yaron ta ce aska ba za ta taɓa shi ba tana da rai. Daga baya hoto ya nuna hanjin ya tsaya can sama, ya manne da hanyar fitsari. Da an tsaga, da ba a tarar da kome ba sai naman da zai riƙe masa bayan gida idan ya girma, shi kuwa in ya lalace ba ya dawowa.

Maƙwabcinmu ne ya ɗauke mu, musulmi ne, mai motar haya. Yana idar da sallar magariba ya ta da mota. A Funtuwa aka zura wa yaron roba ta hanci don a rage kumburin ciki, aka sa masa ƙarin ruwa, aka ba mu takarda zuwa asibitin koyarwa da ke Shika, kusa da Zariya. Duk wanda ya san hanyar Funtuwa zuwa Giwa ya san ba a sha'awar binta da dare. Ya bi ta. Da na miƙa masa kuɗin mai a bakin ƙofar asibiti, sai ya ture hannuna ya ce, "Malam, ajiye, za ka nemi ninkinsu kafin gari ya waye." Gaskiya ya faɗa.

Likitan tiyatar yara ya zaunar da ni ya zana mini hoto a bayan takarda. Ya ce cikin jarirai kamar 5,000 akan sami ɗaya da wannan matsala, tana faruwa ne kuma tun makonnin farko na ciki, lokacin da hanyar fitsari da ta bayan gida suke rabuwa da juna, sau da yawa tun uwa ba ta tabbatar tana da juna biyu ba. Ba abin da ta ci, ba abin da ta ɗauka, ba inda ta taka. Ya ce za su duba zuciya da ƙoda da ƙashin baya, domin matsalar takan zo da 'yan rakiya. Sa'an nan ya ce aiki uku za a yi. Na fari na ceton rai ne: za a fito da bakin hanji ta gefen ciki na hagu domin ƙazanta ta sami hanya, abin da suke kira kolostomi. Na biyu, bayan watanni, shi ne a gina masa dubura. Na uku a mayar da hanjin ciki a ɗinke. Na sa hannu a takarda. Ran Alhamis da hantsi wata nas ta karɓe shi a cikin zane, ɗan abin da bai kai nauyin mudun gero biyu ba, ta shige da shi ɗakin tiyata.

A kwanakin nan addu'ata ta ƙafe. Nakan buɗe baki in ce "Ya Ubangiji," sai maganar ta tsaya a nan. Ban san cewa a gida an buga ƙararrawa tun asubahin Alhamis ba, ba a kuma fasa bugawa ba har muka dawo. Abin da na kasa faɗa, wasu suka faɗa a madadina, cikinsu har da waɗanda muka yi shekara ba ma ga maciji saboda iyakar gona.

Ba mu san kowa a Zariya ba. Baba Fasto ya buga waya ga wani fasto a Samaru, shi ke nan. Kashegari da sassafe sai ga mata uku ɗauke da filas na ruwan zafi, da kunun kanwa, da tuwo miyar kuka, suna tambayar ina mai jegon da ta zo daga Malumfashi. Maiɗakina tana kwance a tabarma a baranda, kwana uku da haihuwa, ba wankan jego, ba uwa kusa, nono ya cika ya yi tauri domin an hana yaron tsotsa tukuna. Babbar cikinsu ta durƙusa ta ce, "'Yata, tashi mu gasa miki jiki." Suka kai ta bayan gini suka kare ta da zannuwansu. Suka koya mata yadda za ta tatse nonon don kada ya ɗauke. Kwana 19 muka yi, ba ranar da ba su zo ba, ko su, ko wasu daga Wusasa da suka ji labari. Ranar suna Baba Fasto ya iso da dattawa biyu. Mutum ɗaya kaɗai ake bari ya shiga ɗakin jarirai, shi ma sai ya tuɓe takalmi ya wanke hannu. Ya raɗa wa yaron suna ta ƙofar kwalba, dattawan suka ce amin daga bakin taga. Ba rago, ba taro.

Dole in ambaci yaron da ke gadon kusa da namu. Ciwonsu ɗaya da ɗana, amma sai da ya kwana biyar kafin a kawo shi, domin garinsu da nisa, kuɗin mota kuma sai da aka sayar da tunkiya. Iyayensa musulmi ne, uban yana ta addu'a dare da rana, fiye da yadda ni na iya. Matan Samaru suna zuba musu abinci daga kwanon da suke zuba mana. A dare na huɗu yaron ya cika. Ni na riƙe wa uban jaka har bakin titi. Tun daga ranar nake jin tsoron irin shaidar da ke nuna kamar wanda ya tsira ya fi wanda ya rasu iya roƙon Allah. Abin da idona ya gani shi ne an juya ɗana rubda ciki a rana ta biyu, an kuma sami mota a daren. Saboda haka ina roƙon kowace mace mai wankan jarirai a ikkilisiyoyinmu: ki duba ko'ina tun ranar fari, har inda kunya ke hana dubawa. Idan jariri ya kwana ya wuni bai yi baƙin kashin fari ba, ko ciki ya kumbura, ko yana aman kore, a tafi asibiti a ranar.

Muna can, noman fari ya zo ya same ni ba na nan. Ciyawa ba ta jiran mai jinya. Matasan ikkilisiya suka yi gayya ran Asabar, suka nome masarar da waken soya, wani ya zuba takinsa buhu guda bai faɗa mini ba sai da kaka ta yi. Manyan yaranmu biyu kuwa gidan magatakardan ikkilisiya suka koma, har ƙaramar ta fara kiran matarsa Mama.

Amma akwai wani abin da ya tsiro a gida tare da ciyawar. Da aka zo sanarwa ran Lahadi, an ce a yi wa ɗan Malam addu'a, yana da matsalar ciki. Wa zai tsaya a gaban bagade ya faɗi sauran? Inda aka bar gurbi kuwa, baki sai ya cike shi. Wasu suka ce mayu ne. Wasu suka ce maiɗakina ta fita da tsakar rana ta gamu da iska. Wasu suka tuno cewa kakana shi ne ya fara barin tsafin gidanmu ya bi Almasihu, suka ce bashin ne ya waiwayo. Masu wannan magana ba baƙi ba ne, da su muke cin jibin Ubangiji. Tambayar tsohuwa ce. Almajirai ma sun yi ta a Yohanna sura ta 9 sa'ad da suka ga wanda aka haifa makaho, suna neman a nuna musu mai laifi tsakaninsa da iyayensa, Yesu kuwa ya ƙi ɗora wa kowannensu.

Uwar zumunta ce ta kashe wutar. Ta zo Shika ta ga yaron da idonta, ta nemi izininmu, ta koma. Ran Alhamis a taron zumuntar mata ta miƙe ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta kira gaɓar da sunanta, ta bayyana abin da likita ya ce, ta faɗa musu yadda yaron zai dawo da jan nama a gefen ciki yana fitar da bayan gida ba dare ba rana. Aka ce wasu sun sunkuyar da kai, wasu 'yan mata sun toshe baki. Sai ta ce, "To, kun ji. Wa za ta yi wanki?"

Sai wanda ya yi jinyar irin wannan yaro zai gane nauyin tambayar. Bakin hanjin ja ne jawur kamar cikin leɓe, a jiƙe kullum. Shi kansa ba ya jin zafi in an taɓa, amma ba shi da abin riƙewa, abin da ya zo sai ya fito. Akwai jakar roba ta musamman da ake mannawa a kai, sai dai tsada gare ta, ta jarirai kuma wuyar samu, zafi da gumi su ɓamɓare ta kafin yamma. Yawancinmu tsumma muke ɗaurawa. Ƙazantar kuwa tana cin fata, in ta daɗe a kai sai wurin ya saɓule ya yi ja kamar ƙuna, yaro ya kwana yana tsala ihu. Maganin abin shi ne a canza tsumma da zarar ya ɓaci, a wanke da ruwan ɗumi, a bushe, a shafa farin man zinki ko man kaɗanya. A rana ɗaya mukan canza sau goma sha biyar, wani lokaci fiye. Ga damina, shanya ba ta bushewa. Ga mai jego da ba ta warke ba. Ga ni a makaranta daga safe har azahar.

Mata bakwai suka raba kwanakin mako. Kowace takan zo da hantsi da bahonta da sabulunta, ta ɗebo ruwa a rijiya, ta zauna bayan ɗaki ta wanke tsummokin jiya, ta tafasa su, in rana ta ƙi fitowa ta busar da su da dutsen guga na gawayi. Wata malamar makaranta ce, wata mai tuyar ƙosai, wata amarya ce da ba ta ma haihu ba tukuna. Mai zuwa ran Juma'a ta binne 'ya'ya biyu, ba ta da ko ɗaya a raye. Ban taɓa jin ta yi wa maiɗakina wa'azi ba. Takan gama wanki, ta karɓi yaron ta ce, "Je ki kwanta," ta zauna da shi a gindin darbejiya har la'asar. Watanni goma sha ɗaya suka yi a haka. Masu zuwa dubiya da lemo da burodi sun yi mako biyu suka ɗauke ƙafa, ban kuwa zarge su ba, haka dubiya take, kowa da abin da ke gabansa. Sai dai ciwo mai tsawo yana da wata na uku da na bakwai, lokacin da labari ya tsufa, an daina ambatonku a addu'ar Lahadi, kuɗi sun ƙare, tsumma kuwa bai san an gaji ba.

Sabon yadi yana da kaushi, tsohon zanen da ya sha wanki ya fi laushi a fatar jariri. Da tsummoki suka fara ƙarewa, Kaka ta kawo tsohon zanenta na zumunta, wanda ta yi shekaru tana ɗaurawa zuwa taro, ta zauna da almakashi. Wata ta ce, "Haba Kaka, zanen zumunta, da rubutun Maganar Allah a jiki?" Kaka ta ce ta nuna mata inda rubutun yake, tun da ita ba ta karatu. Ta yanke wuraren a hankali ta ninke ta sa a lalitarta, sauran ta yayyanka murabba'i murabba'i. Kafin mako ya zagayo, zannuwan zumunta shida ne a kan igiyarmu. Na taɓa tsayawa ina kallonsu suna kaɗawa cikin iska, launin da na saba gani a jere gaban bagade ana rera waƙa da tulu da caki, sai Yohanna sura ta 13 ta faɗo mini a rai, inda Ubangiji ya yi ɗamara da mayafi ya sunkuya ga ƙafafun da suka sha ƙurar hanya.

Ranar da muka fara kai shi sujada, ana tsakiyar wa'azi tsumma ya cika ya zubo. Wari ya tashi. Matar da ke kusa ta ja jikinta ta koma wani benci. Maiɗakina ta yunƙura za ta fita, hawaye ya cika mata ido. Kaka ta taso daga bayanta ta karɓi yaron, ta canza shi a nan kan cinyarta, ta zauna a gurbin da aka bari. Daga ranar nan ne wurin zamanta.

Yana da wata bakwai aka kira mu aiki na biyu, babban cikinsu. Likita ya ce hanyar da za su bi wani likita ɗan ƙasar Meziko mai suna Alberto Peña ne ya bayyana ta a 1982. Akan kwantar da yaro rubda ciki, a tsaga daidai tsakiya ta baya, a raba hanji da hanyar fitsari, a yi amfani da 'yar na'ura mai motsa nama don a gane ainihin tsakiyar naman da ke riƙewa, sa'an nan a jawo hanjin a dasa shi a nan. Aikin ya ci kusan awa biyar. Kuɗinsa sun fi albashina na watanni. An yi baiko na musamman sau biyu, matan adashe suka bar wa maiɗakina kwasar da ba tata ba, wani dattijo ya sayar da akuya. Asibiti kuma ya nemi a kawo masu ba da jini. A wajenmu har yanzu akwai masu cewa ba da jini yana rage ƙarfin namiji, alhali abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi. Samari biyar suka shiga mota suka zo, tare da ɗan kawuna, wanda musulmi ne, wanda ya ce jinin gidansu ne, ba wanda zai riga shi. Ɗaya daga cikin samarin, ƙato mai buga ganga a ƙungiyar mawaƙa, yana ganin allura ya sume. Har yau ba a bar tsokanarsa ba, amma da ya farfaɗo ya sake miƙa hannu.

Bayan mako biyu da aikin aka ba mu waɗansu ƙarafa masu santsi, daga siriri zuwa mai kauri. Sabuwar duburar takan nemi tsukewa yayin da take warkewa, saboda haka dole a riƙa zura ƙarfen safe da yamma, a ƙara kauri kaɗan kaɗan har a kai girman da likita ya ce. Yaro yana kuka, yana kallon fuskar mai riƙe shi. Maiɗakina ta gwada sau biyu, hannunta ya ƙi tsayawa. Akwai wani tsohon ma'aikacin lafiya a ikkilisiyarmu da ya yi ritaya, mutum marar yawan magana, wanda ba a taɓa zaɓa dattijo ba. Ya zo da kekensa ƙarfe shida na safe da shida na yamma, ni ina riƙe ƙafafu, shi yana yi, har hannuna ya saba na karɓe shi. Ko shayi ba ya tsayawa sha.

Aiki na uku ya zo yana da wata goma sha ɗaya. Aka mayar da hanji, aka ɗinke ciki, aka ce mu jira. Kwana ɗaya, kwana biyu, ba a ba shi kome ta baki, muna kasa kunne ko zai yi tusa. A rana ta uku da hantsi maiɗakina ta buɗe masa zane, sai ta ƙwalla kira. Ɗan abu ne kore-kore, bai cika cokali ba, amma ta hanyar da Allah ya yi wa kowa ya fito. Matan Samaru suna nan, sun kawo abinci. Babbarsu ta leƙa ta gani, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ɗakin marasa lafiya, har nas ta fito da gudu. Da ta ga dalili ita ma ta yi dariya ta ce a ƙara ɗaya, amma a hankali. Na fita waje na buga wa Baba Fasto waya, na rasa yadda zan faɗa, sai na ce, "Baba, ya yi." Ya ce, "Yabo ga Ubangiji!" Na ji yana gaya wa na kusa da shi, su ma suna gaya wa na gaba. Ban taɓa zaton zan ga ranar da ikkilisiya guda za ta yi murna a kan kashin yaro ba.

Ranar godiya magatakarda ya karanta sunayen waɗanda suka ba da gudummawa, kowa da adadinsa, aka tafa. Sun cancanta, ba don kuɗinsu ba da ba a shiga ɗakin tiyata ba. Amma littafin ikkilisiya yana da layin naira, yana da layin hatsi, ba shi da layin wanki. Na so in kira matan nan bakwai da tsohon mai keke su fito gaba, uwar zumunta ta riga ta aiko mini cewa sun ce kada in kuskura. Na bi maganarsu. Duk da haka abin yana damuna, ba don su ba, gama sun san wanda suka yi wa. Domin 'ya'yanmu ne yake damuna, waɗanda suke tashi suna ganin cewa girma a gidan Allah yana wurin mai riƙe lasifika da mai kujerar gaba da wanda aka kira sunansa ranar gidauniya. Bulus ya rubuta wa Korintiyawa ne domin suna gasa a kan baye-bayen da ake gani, ake ji. Mu ma in za a zaɓi gaɓa, kowa baki yake so ya zama. Na ga jariri mai baki lafiyayye, da ido, da kunne, da hannu, da ƙafa, duka cif, kwana biyu kacal suka kai shi bakin kabari domin gaɓa ɗaya da ba a ambata ba ta nan.

Kaka ta rasu yana da shekara huɗu. A cikin lalitarta aka sami guntayen zanen nan masu rubutu, a ninke yadda ta ajiye su.

Yanzu shekarunsa takwas, yana aji uku. Yana da tabo a gefen ciki da yake nuna wa abokansa yana cewa kura ce ta cije shi. Ba zan ce ya warke sarai ba, kuma ban ga amfanin shaidar da aka yi wa kwaskwarima ba. Irin waɗannan yara sukan yi fama da taurin bayan gida, wasu kuma riƙewa takan yi musu wuya. Muna ba shi ruwa da yawa, da gwanda, da zogale, da miyar ganye, muna zaunar da shi a fo bayan karin kumallo da bayan tuwon dare, muna komawa Shika idan ranar ganin likita ta zo. Yawancin kwanaki lafiya lau. Wasu kwanakin kuwa abin yakan kufce masa a makaranta.

Malamar ajinsu tana cikin matan nan bakwai, ita ce mai zuwa ran Talata. Ba mu roƙe ta ba, sai daga bakinsa muka ji cewa akwai wando guda biyu da sabulu a cikin durowarta, a ƙarƙashin rajista. In ta lura da yadda ya zauna, sai ta ce, "Zo in aike ka ofis," ta miƙa masa leda a naɗe cikin takarda, yara suna tsammani littafi ne. Da yamma 'yarta takan kawo wandon gida a wanke, a goge.